An Hana Sada Zumunta

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, wadda takardar nan ba za ta iya ɗauke ta duka ba, ina fatan wasiƙata ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikata, amaryata sarkin rigima. Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya sa jinyar da kike yi wa bayinSa ta zama haske gare ki, ladan kuma ya kai ga mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar hagun nan da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da na hau tsanin sito. Ƙaninki Auta ya zo hutu ya koma makaranta. Ya tsiro da wani gemu, na ƙirga gashin bai kai goma ba, amma yini yake yi yana shafa shi kamar limamin gari. Gwaggonki kuwa tana nan yadda kika san ta, baki ba ya zuwa hutu, kuma ita ce ma ta sa na zauna rubutun nan.

Ranar Asabar ta faɗo mini gida, ko mayafi ba ta cire ba, ko ruwan da na kawo ba ta kalla ba. Ta ce kin kira ta kina kuka, wai mako bakwai ke nan Baba ya yanke ki, kina aiko saƙo ba amsa, kin kira har kin gaji kin bari. Ta ce kin tambaye ta ko na yafe ki ne daga cikin 'ya'yana saboda maganar da kika gaya mini. Daga nan ta wanke ni tas, ta ce tun muna yara haka nake, in na yi fushi sai in haɗiye harshena in bar mutane su yi ta duba. Yayata ce, kuma gaskiya ta faɗa. Amma kalmar nan ta yafewa ta yi mini ciwo, Uwata. Sunan mahaifiyata kika ci, yaya za a yi mutum ya yafe uwarsa?

Bari in gaya miki abin da ya faru a wurin aiki, yadda ya faru. Kin san wayar da muke gaisawa da ita ba tawa ba ce, ta kamfani ce, wadda aka ba ni don in riƙa ɗaukar hoton kayan da suka shigo sito, kuma a aljihun tebur take kwana. Tawa ta kaina 'yar mai madannan nan ce da ba ta san hoto ba, ko lambarta ma ba ki da ita. Shekara huɗu da wayar kamfanin nake ganin fuskarki, ƙarfe ɗaya da rabi, lokacin da ni nake hutun rana ke kuma kike shirin fita aiki. To, akwai direban motar ɗaga kaya da muke kira Dogo. Wata rana yana tuƙi yana kallon wani abin dariya a waya, ya yi baya bai duba ba, ya taka ƙafar wani lebura mai 'ya'ya biyar. Allah Ya kiyaye ba a yanke ƙafar ba, amma har yau da sanda bawan Allahn yake tafiya. A gaban idona aka yi, ni na cire masa takalmin.

Bayan kwana goma, ranar wata Talata, muka zo da safe muka tarar an bi teburi teburi an kwashe wayoyin kamfani, an kuma liƙa takarda a allon sanarwa. Aka yi rashin sa'a wani ya maƙala jadawalin masu gadi a kanta ya rufe rabi, abin da ya rage a fili shi ne: an hana ma'aikata, sai can ƙasa, sada zumunta. Tsohon maigadinmu, wanda da ƙyar yake haɗa baƙi, ya karanta ya riƙe baki. Ya ce shi a rayuwarsa ya ji an hana giya, ya ji an hana sata, amma bai taɓa jin inda aka hana zumunta ba, lallai duniya ta zo ƙarshe. Kowa ya yi ta dariya, aka ɗaga jadawalin aka nuna masa cewa kafofin sada zumunta ake nufi, shafukan nan na hira da kallo, a wayoyi da kwamfutocin kamfani. Ni ma na yi dariyar tare da su, amma hankalina yana kan wayar da aka kwashe.

Da rana aka dawo mini da wayar, fes kamar ranar da aka sayo ta. Na duba inda hotonki yake fitowa, babu. Saƙonnin murya na shekara huɗu, babu ko ɗaya. Har wanda amaryata ta aiko tana cewa ta sake ni saboda na tsufa ba ni da gashi, ta samu wani miji a makarantarsu, wanda nakan saurara in na gaji in ji gajiyar ta tafi. Na je wurin mai kula da na'urorinmu, Injiniya muke ce masa, na tambaye shi ko akwai inda abubuwan suka faɗa a tsinto. Ya ce umarni aka ba shi ya share komai, kuma da ya san akwai irin wannan a ciki da ya kwashe mini tukuna. Da ya ga yadda fuskata ta yi, sai ya rage murya ya ce akwai wata ɓarauniyar hanya da samarin ofis suke bi su tsallake shingen, in ina so ya sa mini, ba wanda zai sani. Na yi masa godiya na ce a'a. Shekara ashirin da shida makullan siton nan suna hannuna ko allura ba ta taɓa ɓata ba, ba zan tsufa in fara haura katanga don in gaida 'yata ba.

Da a nan zan tsaya, da na fita fes, laifi ya zama na kamfani. Haka ma na shirya in gaya wa Gwaggonki. Amma ban ɗauki biro don in yi miki ƙarya ba. Ranar Talata aka rufe wayoyin, ke kuwa ranar Alhamis ɗin da ta gabata kika gaya mini an tabbatar da ke a asibitin, kuma dawowar da kuka yi alkawarin yi bana ba za ta yiwu ba, sai abin da hali ya yi. Kin tuna na ce miki to, Allah Ya sa albarka, na kashe. Juma'a kin kira, Asabar kin kira, Litinin kin kira sau biyu. Wayar tana kan tebur kusa da makullai, tana ta rawa, hotonki yana haskawa, ni kuma ina zaune na harɗe hannu ina kallonta. Waɗannan kwana ukun ba kamfani ba ne, Uwata, ni ne.

Abin da ban gaya miki ba shi ne, tun watan da kika ce za ku dawo na kwashe tarkacen da ke ɗakin mahaifiyarki, na yi masa shuɗin fenti da hannuna, har na sa kafinta ya yi ɗan ƙaramin gado mai shinge don kada amaryata ta faɗo. Na so ku zo ku gani ba zato. Shi ya sa da kika yi maganar, na ji kamar an zare mini kujera ina shirin zama. Na yi fushi, ba da ke ba ma sosai, da ɗakin nan da ke kallona kullum in na wuce. Ranar Talata da safe na tashi zuciyata ta huce, na zo aiki da niyyar ni zan fara kiranki in ce ki yi haƙuri, na tarar an rufe ƙofar. Kin ji yadda Allah Yake koya wa tsoho hankali.

Kuma kada in ɓoye miki, bayan haka ma faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Lambarki ta tafi da wayar, gaskiya ne, amma ai ba ta ɓace daga duniya ba, tana wurin Auta, tana wurin Gwaggonki. Kunya ce ta hana ni tambaya, kada a ce me ya faru tsakanina da ke. Kullum sai in ce gobe, in kuma lallashi kaina da cewa ai doka ce ta hana. Da na ji kin daina nema, sai na ce to, ita ma ta yi fushi, bari in bar ta ta huce. Ashe ke kina can kina cewa bari ki bar Baba ya huce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wannan taurin kan ba a ƙasa kika tsince shi ba.

Bayan Gwaggonki ta tafi, ranar Litinin na sa rigata mai kyau na hau bene wurin Manaja. Mace ce, ba za ta girme ki da shekara uku ba, takan ce mini Baba. Na shiga da zafina, na ce mata dokarsu ta raba ni da 'yata, kuma maigadi bai yi kuskure ba, zumuntar suka hana. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce ba za ta iya buɗe wa mutum ɗaya waya ta bar saura ba, kuma ni da na cire wa leburan nan takalmi na fi kowa sanin dalilin dokar. Sai ta ɗauko kwafin takardar ta ce in sa tabarau in karanta har ƙarshe. A layin ƙarshe an rubuta cewa daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu, a wajen sito, kowa yana iya amfani da wayarsa ta kansa yadda ya so. Mako bakwai takardar nan tana rataye ina wuce ta safe da yamma, ban taɓa karanta ƙasanta ba, don saman ya ishe ni abin fakewa. Da zan fita ta ce ita mahaifinta ya rasu tana karatu a nesa, kuma akwai kiransa guda da ba ta ɗauka ba don tana sauri, har yau yana nan a ranta. Na fito ban iya ɗaga ido na kalle ta ba.

To ga amsar da ya kamata in ba ki tun ranar Alhamis ɗin nan. Ki zauna ki yi aikinki, na yarda, na kuma sa albarka, wannan karon da zuciya ɗaya. Ina alfahari da ke, ko da bakina bai saba faɗa ba. Da ana cewa zumunta a ƙafa take, mu Allah Ya mayar mana da tamu ɗan yatsa, shi ma ɗin na kasa ɗagawa. Ki yafe mini, Uwata. Fenti ba ya ruɓewa, ɗakin zai jira ku. Gadon ne dai nake tsoron amaryata za ta fi ƙarfinsa kafin ku zo, in haka ta faru sai ku taho mini da wanda zai gaje shi.

Auta ya bar mini tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, Injiniya ya saita mini ita, lambarki ce kaɗai a ciki, sabuwar lambata kuma na rubuta a bayan takardar nan. Sau biyu na kai yatsa zan danna na fasa, don na san halina: ina jin muryarki zan ce lafiya lau, ya aiki, ya yara, in binne maganar nan duka. Shi ya sa na ba abokin maigidanki da zai taso jibi wannan takarda, ta riga ni isa ta faɗi abin da bakina zai kasa.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce ina godiya da haƙurin da ya yi da kukanki. Ki gaya wa amaryata ban karɓi sakin ba, kuma ta sake aiko mini da shi da muryarta, don na farkon ya ɓata. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce in ban rubuta ba, za ta dawo. Auta, da Kawunki na bakin kasuwa, da maƙwabciyarmu mai ɗinki duk suna miƙo gaisuwa, har tsohon maigadi ya ce a gaida 'yar da aka hana shi da ni zumunta da ita.

Akwai wani benci a wajen ƙofar sito, ƙarƙashin inuwar tankin ruwa. Tun ranar Talata nake zama a kansa daga ƙarfe ɗaya har a buga ƙararrawar biyu, wayar tana tafin hannuna, na ƙure mata ƙara. Ban san ranar da takardar nan za ta iso gare ki ba, don haka kullum zan zauna. Ki kira ƙarfe ɗaya da rabi kamar da, ba za ta yi ƙara sau biyu ba.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Baba