Ɗalibai Sun Zo Gaida Baba

Yaya Rifkatu,

Ina gaisuwa. Yaya jikinki, yaya maigida da yara? Mu nan Zuru sai godiya.

Ranar Asabar ɗaliban kwaleji suka zo gaida Baba, don sun ji shi ya jagoranci zanga-zangar farko a jami'arsu har aka kore shi. Wai ya yi musu jawabi, mutumin da shanyewar jiki ta ɗauke wa magana! Ya ɗaga hannun nan da ya dunƙule, suka ɗauka jinjina ce, suka kaure da ihu. Yaya, ruwa yake nema. Ina riƙe da kofi, na kasa ratsa su.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Su sun tafi da hotuna, ni aka bari da shi.

Ƙanwarki,
Ladi