Gero a Fulotina

Asabar, 13 ga Mayu, 1978

Yau na taka fulotina da ƙafata. Minanata, bayan gari, lamba arba'in da biyu. Shekara tara ina koyar da 'ya'yan mutane a Sakkwato, ina haya a gidan Inno a Runjin Sambo, sai bana da gwamnatin soja ta yanka gonaki ta raba wa ma'aikata, ni ma Rifkatu rabona ya tsaga. Safiyo mai awon filaye ya nuna mini turakun siminti huɗu na iyaka. Maigidana Markus yana kwas a Kaduna sai Disamba, don haka ni kaɗai ce mai sa ido.

Wani tsoho yana tsugune a gindin aduwa yana kallonmu. Safiyo ya ce Maccido ke nan, dā gonarsa ce. Tsohon ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi yara, har da gajiyar hanya. Gaisuwar ta yi mini yawa. Mutumin da aka karɓe wa gona yana washe baki haka? Ruwa ba ya tsami banza.

Asabar, 17 ga Yuni

Maccido ya shuka! Gero, daga wannan turke har wancan, ko wurin ajiye ƙafa bai bar mini ba. Na ce da izinin wa? Wai ruwa ya sauka, ƙasa tana kwance, shi ba ya iya kallonta haka, ranar da na tashi gini zai ba ni wuri. Ai da haka ake farawa. Yau gero, gobe bukka, jibi a ce mini nan aka binne cibiyar kakansa.

Lahadi, 9 ga Yuli

Daga sujada na biya. Babu turken gabas. Na durƙusa da zanen cocina ina tono da hannu kamar kaza, sai ga shi, ƙasar huɗa ce ta rufe shi. Wai galma ce ta watso, in ji Maccido. Na auna da taku sau biyu, bai gusa ba. Ko dai ya gusar da duka huɗun tare? Tsofaffin nan ba a raina su.

Talata, 1 ga Agusta

Takarda daga ofishin filaye: wanda bai sa harsashin gini ba kafin ƙarshen Oktoba, za a karɓe filinsa a ba wani. To, biri ya yi kama da mutum. 'Yan kwangila sun cika gari da kuɗin mai, kowa idonsa a kan fili. Wa ya sani ko wani ne ya ce wa tsohon ya riƙe ni da gero har wa'adi ya wuce?

Na gaya wa Inno, ta yi dariya har da riƙe ciki, wai Maccido ko ƙofar ofis bai sani ba. Me za ta ce dā ma? Ita 'yar gari, shi ɗan gari. Ni ce baƙuwa. Na kama bakina daga yau.

Jumma'a, 18 ga Agusta

Wasiƙar Markus: in sa leburori su sare geron. Daga Kaduna komai sauƙi ne da shi. Geron ya fi ni tsawo, ya fid da kai, ga mutane suna azumi. Ni Kirista in sare abinci a watan azumi, sannan in zo in zauna a unguwar da wa? Ba tausayi ba ne. Hankali ne.

Laraba, 30 ga Agusta

Turaku huɗu suna nan. Yau dai.

Litinin, 18 ga Satumba

Na dawo daga makaranta ko takalmi ban cire ba aka ce ana sallama da ni. Maccido ne da jaki, da damin gero guda, ƙato, ya sauke a ƙofar gida. Ido na ganin ido, tela yana kallo, mai kanti yana kallo, masu alwalar la'asar suna kallo. Ya ce, "Malama, ga na mai gona."

Nan take na gane wasan. Shaidu ya tara. In na karɓa, gobe ya tsaya gaban alƙali ya ce na ci geronsa, na ba shi gonar haya, ba ni da ikon tashinsa kafin ƙarshen Oktoba. Na ce masa ni ba mabaraciya ba ce, gwamnati tana ciyar da ni, ya kwashe kayansa. Da ƙarfi na faɗa, don shaidun nasa su ji.

Ya ɗaga damin, ya suɓuce masa, ya sake ɗagawa. Tela ne ya taso ya kama masa. Babu wanda ya dube ni. Na shiga ciki ina jin na yi nasara, amma tuwon dare ko taɓa shi ban yi ba.

Talata, 19 ga Satumba

Inno ta je suna jiya, yau ta ji labari. Ko sallama ba ta yi ba ta ɗaga labulena.

"Ke ɗiyag ga, mi kinka yi? Nan garin, wanda yan noma gonar aro shi ka kai ma mai ita dami. Wanda yak kai dami ya shaida gaban mutane gona ba tashi ba ta. Gonar ubanai ta, amma yad ɗauko yak kawo miki. Ke ko kinka maida, kin ce ko aro ba ki ba shi ba. Ɓarawo kinka ce mishi."

Na ce ina zan sani, a garinmu ba haka ake ba. Ta ce da na tambaya. Na ce wa zan tambaya? Ta dube ni kawai ta fita.

Har yanzu ina cewa ƙila wata dabarar ce. Amma dabarar me? Shaidun da ya tara, a kansa ya tara su.

Asabar, 23 ga Satumba

Na je ƙauyensu, bayan filayen. Na same shi yana yaɓe rumbu. Ya sauko, ya wanke hannu, ya shimfiɗa mini buzu, gaisuwar nan dai kamar kullum. Na yi ta kame-kame, ni da nake tsawata wa yara hamsin. Daga baya na ce ban san al'adar ba.

Ya ce, "Gwamna yac ce taki ta. Ni ban ce ba, Malama, kuma ba ni cewa. Amma ba ni cin gero a ce na sata na."

Kunya ta kama ni. Na tuna Baba a Kagoro da gonarsa ta gindin dutse. Da a ce ya ɗauki abin da ya noma a cikinta ya kai wa baƙo, gara masa mutuwa.

Na ce to a ba ni damin, na karɓa. Ya ce ya riga ya shiga rumbu, abin da ya shiga rumbu na iyali ne. Sai badi. Ya ƙara da cewa, in akwai inda za shi noma badin.

Asabar, 7 ga Oktoba

An haƙa harsashi, fulotina ya tsira. Ɗaki biyu da falo, can gaba, manne da hanya. Muntari birkila ya yi ta mita wai gida a tsakiyar fili ya fi kyau, ina zan kai wannan uban filin da na bari a baya, ga shi na ce ba katanga. Na ce siminti ya yi tsada. Haka na rubuta wa Markus ma, kuma ai ya yi tsadar.

Maccido yana can gefe yana tattara kara. Ni ban ce masa komai ba, ba ruwana da shi. Muntari nake gaya wa cewa bayan nan ba zan gina shi ba nan da shekaru, kada kowa ya zuba mini yashi ko tsakuwa a wurin, ya ɓata ƙasa.

Muntari ya ce ya ji. Na dai maimaita da ƙarfi, don tsohon kunnensa ya fara nauyi.