Sunan da Aka Ara wa Perla

Cebu, 9 ga Maris, 2015

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Nanay,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki? Ina fata kina shafa man da na aiko, ba ki sake rabar da shi ga matan coci ba. Ki gaishe mini da duk mutanen tsibirinmu na Siquijor masu tambayata. Na daina kiranki a waya ne don na gaji da ihu kina cewa ba ki ji ba, gara ki sa tabarau ki karanta.

Albishirinki. Kin tuna Tsutomu, ɗan Japan ɗin nan mai walda a wurin gyaran jiragen ruwa, wanda shekara huɗu ke nan yana cin kifi a rumfar abincina, kullum yana ƙorafin gishiri ya yi yawa, kullum kuma kwano a suɗe? To, ya ce zai aure ni. Ina da shekara arba'in da huɗu, Nanay! Dariya na yi har na zauna a kan buhun shinkafa, shi kuwa yana tsaye da hula a hannu kamar wanda ya zo ta'aziyya. Ina son sa, ba zan ɓoye miki ba.

Sai dai auren nan rabinsa takardu ne. Shi ya kawo kwafin littafin zuriyarsu, inda suke rubuta wanda aka haifa da wanda ya yi aure da wanda ya mutu, ofishin jakadancinsu ya ba shi shaidar cewa ba shi da mata. Ni ma sai na karɓo tawa shaidar cewa ban taɓa aure ba, sannan a manna sunayenmu a allon ofishin gari kwana goma ko wani yana da magana. Bayan an ɗaura, a kai rahoto Japan, a jira izinin zama, a nemi biza, har da hotunanmu tare don su tabbata ba auren takarda ba ne. Aikinsa a nan zai ƙare a Satumba, muna so mu tafi tare.

Jiya na je karɓar tawa. Yarinyar ofishin ta dubi kwamfuta, ta dube ni, ta sake duban kwamfuta, sannan ta ce ai ni matar aure ce. Ta juyo mini da takardar. Cikakken sunana, Remedios Balansag, ranar haihuwata, sunanki, sunan marigayi Baba. An ɗaura mini aure a 1993 da wani Kiyoshi Onodera a yankin Akita na Japan. Ni da ban taɓa taka matakalar jirgin sama ba.

Nanay, takardar haihuwata tana cikin gwangwanin biskit ɗinki har shekarar da ƙanwata Perla ta tafi. Kika ce mana aikin gida ta samu a Manila, daga baya kika ce ta daina rubutu. Ban zarge ki da komai ba tukuna. Tambaya nake yi.

Kuma kiran nan bai daina ba. Ƙarfe biyar daidai, ina ɗora tukunyar shinkafa, muryar namiji a hankali daf da kunnena: “Remi.” Duk duniya Medy ake ce mini, ba mai kirana haka. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ban taɓa amsawa ba, kamar yadda kika koya mana.

Ki huta lafiya. Taki,
Medy

Cebu, 2 ga Afrilu

Nanay,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, ruwan saman nan bai shiga miki ɗaki ba. Amsarki ta zo. Na karanta ta sau uku, na ƙona miyar rana saboda ita.

Ashe haka aka yi. Mai ɗaukar mawaƙa zuwa Japan ya ce sai mai shekara goma sha takwas, Perla tana da sha shida, ni ina da sha tara, sai kika buɗe gwangwani kika ara mata sunana. Kin ce kin zaci wata shida za ta yi ta dawo mini da shi. Shekara ashirin da biyar, Nanay. Kina kallona ina kunna mata kyandir duk ranar haihuwarta, ina bin kowace mai dawowa daga Manila da hotonta, ba ki taɓa cewa ba can take ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma gara in faɗa miki da in haɗiye.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne abin da kika saka a cikin ambulan. Takardar haihuwar Perla, a ninke, tana warin gwangwani. Kika ce in yi aure da ita, ai fuskarmu ɗaya, ba sai an kai ki gaban alƙali da tsufanki ba. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Amma zan faɗa miki gaskiya, ban yaga ta ba. Na je wurin lauya, ya ce hanyar gaskiya ita ce kotu: a kawo rantsuwar mutumin Akita cewa ba ni ya aura ba, ke ma ki zo ki faɗi abin da kika yi, kuma kada in sa rai ƙasa da shekara biyu. Da na fito sai ƙafata ta kai ni ofishin rajista, na nemi shaida da sunan Perla. Ta fito fes. A takarda Perlita Balansag tana nan da ranta, ba ta taɓa aure ba, ba ta taɓa barin tsibiri ba. Na tsaya a bakin titi riƙe da ita, kamar na sami rigar mutum a rataye da ɗuminsa a ciki.

Na nuna wa Tsutomu. Ya ƙura mata ido, ka rantse walda yake yi a cikin kansa, sannan ya ce shi Medy ya sani, amma ba zai tilasta mini ba, mu fara zuwa Akita mu ga mutanen gidan Onodera. An buga lambar da ke cikin rajistar ba a ɗauka ba. Ya tsaya mini na sami bizar ziyara ta kwana goma sha biyar. Na sayi busasshen mangwaro da busasshen kifi irin wanda Perla take so. In na gan ta, mari ɗaya zan yi mata, sannan in rungume ta.

Ki yi mana addu'a. 'Yarki,
Medy

Akita, 14 ga Mayu

Nanayna,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fata kin ci abinci. Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma in da hali ki kira maƙwabciya ta zauna kusa da ke.

Mun isa ƙauyen da tsakar rana. Gonakin shinkafa duk an cika su da ruwa ana shirin dashe, ba motsin kowa, gida biyu cikin uku a rufe. Wata tsohuwa tana wanke takalmin gona a bakin magudana, ta ɗago ta gan ni, takalmin ya suɓuce mata ruwa ya tafi da shi. Ba ta bi shi ba. Ta haɗa tafin hannuwanta ta sunkuyar da kai har muka wuce. Tun a nan jikina ya ba ni.

Onodera da kansa ya buɗe ƙofa, ɗan tsoho siriri mai farin gashi. Bai firgita ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya dube ni kamar wadda ta je kasuwa ta daɗe, ya ce, “Remi.”

Nanay, muryar ce. Ita ce ba wata ba.

Ya shigar da mu ɗakin tabarmi. A jikin bango akwai wani ƙaramin akwatin katako irin wanda suke ajiyewa don mamatansu, da turare da ɗan kwanon shinkafa. Hoton Perla yana ciki, ta yi ƙiba kaɗan, tana dariya da wannan wushiryar tata. A ƙarƙashin hoton sunana ne da ranar haihuwata, da wata rana a watan Fabrairun 2004. Ciwon ƙirji ne, kwana tara a asibiti. Perla ta rasu, Nanay. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ya ciro littafin zuriyarsu ya nuna mana. Sunana yana ciki, an soke shi. A ƙasarmu ni matar aure ce, a nan kuwa gawa ce. Bai san ana kai rahoton mutuwa ofishin jakadancinmu ba, shi ya sa ba wanda ya ji. Ya ce ta zauna da shi lafiya, ta yi jinyar uwarsa har ƙarshe, tana waƙa in tana dashe. Ya sha cewa su zo gida, ta ƙi, ta ce akwai yayarta da ba za ta iya haɗa ido da ita ba, ta ɗaukar mata abin da ba ta san yadda za ta mayar ba. Shi ya zaci sarƙa ce ko zobe.

Na tambaye shi, ta bakin Tsutomu, yaushe yake kiranta. Ya ce kullum ƙarfe shida na safe, in ya zuba mata shinkafar farko, bai taɓa fashi ba. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya.

Da Tsutomu ya gama yi masa bayanin abin da ya kawo mu, na zaci zai kore mu. Sai ya juya ya kalli kwanon nan. Sannan ya tambayi sunan matarsa na gaskiya. Na faɗa masa. Ya gwada, harshensa ya kasa, ya sake gwadawa. Sai ya ce, “Ashe shekara goma sha ɗaya mai rai nake ciyarwa. Tawa tana can da yunwa.”

Ban taɓa kuka irin na ranar ba. Na zo da mari, ga shi ba kumatun da zan sauke shi. Busasshen kifin da mangwaron na ajiye mata a gaban hoton.

Takardar da kika aiko tana cikin jakata duk wannan lokacin, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, har a cikin jirgi ina lissafin Satumba. Amma ki duba. In na zama Perla, gobe da safe tsohon nan zai kira Perla, ni zan ji. Na karɓe sunana, na haɗa da nata, ita kuma ta tashi ba ko ɗaya. Sau ɗaya aka yi mata haka tana yarinya, ba zan yi mata na biyu tana kabari ba. Na ciro takardar na miƙa masa da hannu biyu, ya jingina ta a bayan hoton.

Mun kwana a gidan. Da safe ya zuba shinkafa, ya kunna turare, ya durƙusa ya ce, “Perla.” Ina bayansa, tagogi a rufe, ba iska ko kaɗan. Hayaƙin da ke tashi a miƙe ya karyo, ya kwanta a kan kwanon, ya daɗe a nan. Tsutomu ma ya gani.

Tsohon ya yi rantsuwar, ya buga hatiminsa. Saura ke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Nanay.

Ki yi haƙuri, Allah ya ba mu dangana. Taki,
Medy

Cebu, 6 ga Oktoba

Nanay abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya haƙuri? Na ji an yi wa Perla addu'a a coci da sunanta, na gode.

Tsutomu ya tafi ranar ƙarshen Satumba. Shaidar da ofishinsu ya ba shi ta daɗe da ƙarewa, sai an sake wata in kotu ta gama. Ya bar mini hularsa a rumfa, ya ce zai jira, kuma in rage gishiri kafin nan. Shekararsa hamsin da takwas. Ban san abin da shekara biyu za su yi mana ba, kuma ina jin tsoro. Wani lokaci in na tuna takardar nan mai tsabta sai in ji haushin kaina, sannan ya wuce.

Kiran ya daina. Tun daga safiyar nan ta Akita ban sake jinsa ba. Ina ɗora tukunya ƙarfe biyar, shiru, sai tafasar ruwa. Abin mamaki, har na kan tsaya ina saurare.

Zaman kotu na farko ranar ashirin ga wata ne. Zan zo in ɗauke ki a jirgin ruwan safe, na saya miki takalmi mai laushi. Lauya ya ce ba mai ɗaure tsohuwa, alƙali zai tambaye ki ne kawai 'ya'yanki nawa, wacce ta tafi, wacce ta zauna. Ki faɗa da ƙarfi, kowacce da sunanta.

Sai maganar da kika rubuta a ƙasan takardarki da ƙananan baƙi. Kin ce tun watan Mayu, ke da ba kya jin ƙararrawar coci, kullum ƙarfe biyar kina jin muryar yarinya a bakin ƙofa tana cewa “Nanay”, kina toshe kunne da filo har gari ya waye. Na san ke kika koya mana kada mu amsa kiran da ba mu ga mai shi ba, kuma shekara goma sha ɗaya na bi maganarki. Wannan kam ki amsa, Nanay. Ta daɗe a waje.

Ki huta lafiya. 'Yarki ta fari,
Remedios