A Bar Mini Jan Bunsuruna

Zuwa ga Shugaban Shirin Inganta Irin Awaki na yankin Kankia da Kusada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni tsoho ne mazaunin Yashe. Na yi elementare tun ana rubutu a kan allo, shi ya sa na ɗauki alƙalami da kaina.

Da farko godiya. Yaranka sun aiko a ɗauke ni a kan babur zuwa Kusada don taron masu kiwo. Rabona da a gayyace ni wani wuri in ba jana'iza ba, har na manta. Sun nuna mana majigin wasu awaki na ƙasar duwatsu masu tsananin sanyi, inda iska ba ta isar mutum numfashi. Aka ce jininsu ya dace da wurin, kuma ƙarƙashin dogon gashinsu akwai wani mai laushi da ake saƙa tufa mai tsada da shi. Aka ce duk wannan gado ne, yana cikin ƙwayoyin halitta, uwa da uba ke miƙa wa ɗa. Na yi ta dariya ni kaɗai don daɗi. Ashe har a bayan duniya Allah yana ɗinka wa kowace dabba rigar garinsu.

Sai a ƙarshen taro aka sanar cewa za a kawo bunsurun waje, kuma za a bi gida gida a dandaƙe bunsuran gari. A nan kukana yake.

Na ɗaya. Ina da jan bunsuru, jikan jikan awakin da marigayiya matata ta bari. Ja ne wur, babu ɗigon fari. Jinin nan yana haihuwar tagwaye, yana jure zafin bazara da ɗan ƙaiƙayi da busasshen ganye, majema kuwa ba su wuce fatarsa a kasuwa. In gashin waɗancan gado ne, wannan ma gado ne. Darasin da kuka koya mana ke nan, kuma na karɓa hannu biyu.

Na biyu, wanda ya fi damuna. Ka san da damina kowa ɗaure awakinsa yake yi saboda shuka. To, duk wadda akuyarta ta fara kukan neman barbara, gidana ake jawo ta, don yawancin mutane sun sayar da nasu bunsuran tun suna ƙanana. Ni ba ni da kowa a gida, 'ya'yana suna nesa, ƙafa kuma ta ƙi. Amma albarkacin dabbar nan zaurena bai rabuwa da sallama. Tsofaffin mata su zo da igiya a hannu, a zauna a yi hira kafin a gama. Wata ta kawo fura, wata ta share mini tsakar gida tana yi mini faɗa a kan ƙazanta. Iya Habi, maƙwabciyata, cewa take wai ni da bunsurun ba a san wanda ya fi wani gemu da wari ba. In an haihu, a ɗauko 'yan awakin a kawo mini in gani, kamar jikoki. Ranar da aka mai da shi taure, ranar za a daina taka ƙofata.

Na uku gajere ne. Ba a tambaye mu ba.

Ba na ƙin baƙonku, ranka ya daɗe. Roƙona biyu ne. A cire jan bunsuruna daga cikin waɗanda za a dandaƙe. Sannan in naku ya iso, kada a wahala neman masauki, a kawo shi gidana. Ina da turke na biyu da inuwar dalbejiya, harawa kuma maƙwabta ba za su bari ta yanke ba. Kowace mace ta zaɓa wa akuyarta wanda take so, in 'ya'yan sun sha bazara ɗaya sai mu ga wanda ya tsaya da ƙafarsa. In naku ya fi, ni zan fara yi maka barka. Ko ta ina aka ɓullo dai, zaurena zai cika ninki biyu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aiki lafiya, ya ba ka masu leƙo ka ranar da ƙafa ta gaza.

Wassalam.

Naka,
Malam Ilu mai jan bunsuru, Yashe.