An Sa wa Jaririya Sunan Malamar Asibiti

Karaye, 9 ga Maris, 1956

Zuwa ga ƙanina Sule a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da kasuwa. Yaya ƙafar Binta? Mu nan sai godiya.

Ka san tun da aka raba ni da aikin ofis na daina tsammanin adalci. Amma wannan karon yayarka Hajara abin ya taɓa.

Talatu, marainiyar nan da ta riƙa, ta haihu a ƙauyen Turawa. Tun cikin yana ƙarami mijinta Audu ya yi alkawari, in mace ce, Hajara za a sa. Mako guda Hajara tana can, ita ce itace, ita ce ruwan wankan jego, ita ce kunun kanwa. Malamar asibiti ta zo sau ɗaya, ta duba cibiya, ta tafi.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Asabe, sunan malamar. Aka kawo wa malamar kujera, Hajara tana bakin murhu.

Na tambayi Audu. Ya ce, "Baba, so nake ta taso mai aiki. Inna kuwa ai zaman gida take."

Na ce, "Tuwon da ke hannunka, zaman ne ya tuƙa shi?" Ya yi dariya.

Ka gaishe da Binta da yara, ku sa mu a addu'a. Hajara ba ta haifi nata ba, yanzu kuma ba ta da takwara.

Yayanka,
Garba