Jan Fenti a Bangon Shagona

Yaya Rufa'i,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya damina a Badafi?

Ku kwantar da hankalinku, ba a rushe shagona ba. Da na ga jan fenti a bango, na ɗauka alamar rusau ce, shi ya sa na kira ka a rikice. Ashe samarin unguwa ne suka fara zanen hoto. Da suka gama, sai ga hoton busasshen famfo, mata sun yi layi da bokitai. Rashin ruwa suke kuka da shi.

Alhamdu lillahi. A shagon nake kwana kafin in samu ɗaki, amma kada Inna ta ji. A aiko min da daddawa.

Na dai roƙi samarin, in za su sake faɗar gaskiya, su faɗe ta da shuɗin fenti.

Ƙaninka,
Mudassir, Legas