Tsakuwar Da Na Ajiye A Kwalba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Jikin Auta ne ya sa na ɗauki biro. Yanzu sau uku a mako ake ɗora shi a injin wankin ƙoda. Ni nake kai shi, in zauna a benci har a gama. Ya rame, Yaya, agogonsa har zamewa yake. Amma bakin na nan. Jiya ya ce tsakuwar ƙodar da aka ciro masa ta fi tawa girma, wai daga yau shi ne babba.

Ai kin tuna tawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na fitar da ita a bayan gida na shago, na koma na ƙarasa ƙofar da nake wa walda. Likita ya ce in kawo a auna, a san abin da ya haɗa ta. Na ce masa mai narka ƙarfe ba ya bukatar a gaya masa mene ne dutse. Na jefa ta a kwalba na ɗora a kan kantar shago, duk wanda ya shigo sai na nuna masa.

Likitar Auta da ta ji labarin ta ce in kawo ta. Na kai ranar Litinin.

Ki gai da kowa.

Ƙaninki,
Mai Walda

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, Auta ya yi murna.

Sakamako ya fito. Likitar ta zaunar da ni, ta ce yawancin tsakuwar da suke aunawa kalsiyam ce, irin sinadarin ƙashi. Tawa da ta Auta kuwa sistin ake ce mata, a cikin ɗari da ƙyar a samu biyu. Gado ce, 'yan uwa take bi. Da an auna tawa tun wancan lokacin, da an kira ku duka an duba, an sa shi shan ruwa da magani tun ƙodarsa na da ƙarfi. Ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi.

Nan take na ce a cire ƙodata guda a sa masa. Ta girgiza kai, ta ce nawa ma ciwon na cikinsu.

Ban gaya masa ba tukuna. Da safe na shiga da niyya, sai ya ce in gyara masa matashi. Na gyara, na fito.

Kin san tun rasuwar Baba ban miƙa wa kowa hannu ba, kuma na sha yi muku gori da hakan. Yau na miƙa. Ki zo a gwada ki, ko taki za ta dace da shi. In maigidan ya ƙi, ki sanar da ni in zo da kaina in durƙusa masa.

Ƙaninki,
Mai Walda